Fotokatalisis a tsaftace ruwan rini

Fotokatalisis hanya ce ta amfani da haske wajen wargaza sinadarai masu guba da ke cikin ruwa, da taimakon wani abu da ake kira semikondakta. Wanda aka fi amfani da shi shi ne titaniyam dayoksaid, farin garin nan da ake sakawa a fenti, sai kuma zink oksaid. Garin ba ya ƙarewa a cikin aikin, zuga shi kawai yake yi.

Tarihi

A shekarar 1972 masana biyu 'yan ƙasar Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa titaniyam dayoksaid yana raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin idan haske ya same shi. Daga baya aka karkata binciken zuwa tsaftace gurɓataccen ruwa.

Yadda yake aiki

Idan hasken altirabayolet ya sauka a kan garin, sai ilaktiron ya tashi daga mazauninsa ya bar gurbi. Gurbin yana haɗuwa da ruwa, ilaktiron kuma da oksijin, su haifar da ƙwayoyi masu ƙarfin cin sinadari, musamman haidiroksil. Su ne ke farfasa ƙwayar rini har ta koma ruwa da kabon dayoksaid da gishiri-gishiri. Amma gushewar launi kaɗai ba ta nuna an gama, domin gutsattsarin da suka rage suna iya zama da guba.

A Kano

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da baba da toka take aiki. Damuwar ta fi yawa a rinin zamani na shadda, wanda ake haɗawa da soda a zubar a kwata, da kuma ruwan masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa. Kogin Challawa yana bi ta madatsar ruwa da ke Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo, kafin ya isa yankin masana'antu, kuma manoman rani na ban ruwa da shi a ƙasa da wurin.

Matsaloli

Ƙasar Hausa ba ta rasa rana ba, sai dai altirabayolet bai wuce kashi 5 cikin 100 na haskenta ba. Shi ya sa ake cuɗa garin da naitirojin don ya yi aiki da hasken da ido ke gani. Ruwa mai duhu yana tare haske, kuma tace garin bayan an gama yana da wuya. Sinadarin kuromiyam na majemun zamani kuwa ƙarfe ne, haske ba ya wargaza shi, sai an cire shi daban.