Kifi Mai Ginin Rijiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani kifi da ya ci mini albashin mako biyu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kwanan baya muna hira a wani zaure nan Birchi, sai wani malamin makaranta, abokina, ya ce yana so ya sayo akwatin gilashi irin wanda akan yi kiwon kifin teku a ciki, domin almajiransa su ga ikon Allah da idonsu. Har ya fara tara kuɗi. Na ce masa ya dakata tukuna ya ji abin da ya same ni. Da na ƙare waɗansu suka ce na ƙara gishiri, to, ga shi na rubuta, wanda ya san abin ya gaskata ni ko ya ƙaryata.

Cikin 2019 ina aikin akawu a Ikko wurin wani attajiri. A ofishinsa akwai irin wannan akwati, ƙarami, mai cin ruwa lita 75, watau jarka 3. Ruwan haɗa shi ake yi har ya zama daidai da na teku, giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba, wani ne na musamman da ake sayowa. A ciki akwai duwatsu, da murjani mai rai, gama murjani ƙananan halittu ne ke gina shi, da waɗansu 'yan kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari. Ni aka ɗora wa kula da su, don kawai teburina ya fi kusa.

Ran nan maigida ya yi tafiya, ya bar mini saƙo za a kawo sabon kifi, in karɓa in saka. Turawa na kiransa jofish, watau mai muƙamuƙi, saboda girman bakinsa. Asalinsa tekun Karibiyan, wajen Kuba da Bahamas da Fulorida ta Amurka. Tsawonsa bai wuce inci 4 ba, kansa rawaya, sauran jikin fari mai ɗaukar shuɗi, da manyan idanu kamar na wanda aka razana. Na kwance leda na juye shi ciki, na kashe fitila, na kulle ofis na tafi gida. Da safe na duba ko'ina ban gan shi ba. Sai da masinja ya zo shara ya zaƙulo shi a bayan kabad, ya bushe ƙayau. Maigida ya dawo bai yi faɗa da yawa ba, amma ƙarshen wata na ga faɗan a takardar albashi.

Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Da aka ce za a sake kawo wani, sai na tafi wurin wani dattijo mai kantin irin waɗannan kifaye, na zauna kamar ɗan makaranta. Ya ce mini, "Ɗana, ka sauki maginin rijiya a kan daɓe, ina kake so ya kwana?" Ashe wannan kifi ba ya yawo kamar sauran. Rami yake haƙawa cikin yashi da bakinsa, ya ciko baki ya fito ya furzar, ya koma, kāna ya ɗebo tsakuwa da gutsattsarin katantanwa ya jera a bango don kada ya rufta, daidai yadda maginan rijiya ke ɗaure ta da dutse a ƙasarmu. Wuni yake yi tsaye a bakin ramin, kai sama wutsiya ƙasa, yana cafke 'yan ƙwayoyin abinci da ruwa ke kawowa. In ya ga abin tsoro ya zame ciki da baya, in tsoron ya yi yawa ya faɗa da ka. Da dare yakan jawo tsakuwa guda ya rufe ƙofa. Inda suke da yawa har satar tsakuwar juna suke yi. To, yashin akwatinmu bai fi inci 1 ba, kuma babu murfi. Baƙo ya nemi masauki ya rasa, duhu ya rufe shi farat ɗaya, ya yi tsalle, shi ke nan.

Ga yadda muka shirya wa na biyun. Da fari muka ɗaga duwatsun muka zaunar da su a kan gilashin ƙasa sosai, kāna muka zuba yashi kewaye da su, domin in dutse yana bisa yashi kifin ya yi haƙa a ƙarƙashi, sai ya danne shi. Yashin muka kai shi inci 5, mai laushi gauraye da mai tsakuwa, gama mai laushi zalla ba ya riƙe gini. Muka watsa gutsattsarin katantanwa cikin tafi biyu. Muka ɗinka murfin raga mai ƙananan idanu, ba mu bar ko kafar da yatsa zai shiga ba. Kifin kuwa sai da ya yi makonni a wani akwati shi kaɗai, a tabbata bai zo da cuta ba. Ran da za a saka shi muka bar ledarsa tana yawo bisa ruwan minti 15 don zafinsu ya daidaita, sa'an nan muka riƙa ɗiga masa ruwan akwatin da siririn tiyo, ɗigo-ɗigo, wajen sa'a guda. Muka sake shi da maraice, fitila a rage, bayan mun ƙosar da masu gida da abinci. Su ma da ma masu sanyin hali ne. Da mafaɗata ne da ba su bar shi ya fito cin abinci ba.

Na yi masa ɗan gurbi a gaba inda maigida zai riƙa kallonsa daga kujera. Ya ƙi. Ya tafi can bayan dutse inda ba mai ganinsa ya yi gininsa, muka yi mako 3 muna kiwon yashi da ke tashi. Daga baya don kansa ya taso ya dawo gaba, ya kwashe katantanwar da na tara masa. Abincinsa 'yan mitsi-mitsin jatan lande, a sake su ruwa ya kai masa har ƙofa, don ba ya nisa da gida. Aibinsa ɗaya, yana furza yashi a kan murjani, kullum da safe sai na bi na kaɗe, in ba haka ba murjanin ya mutu.

Abin da aka fi ƙaryata ni a kansa a zauren shi ne da na ce namijin ne ke ɗaukar ƙwai a bakinsa, mako guda ko fiye kaɗan, ba ya cin abin kirki har su ƙyanƙyashe. Namu shi kaɗai ne, ban ga wannan da idona ba sai a hoto. Amma mu da muke kusa da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka ƙare gininta cikin 1983 a kan kogin Karaduwa, bai kamata mu yi mamaki ba. Karfasar da muke ci haka take. Namiji ya share gurbi kamar ƙwarya cikin yashi, mace ta zuba ƙwai ta kwashe a baki, kuma ko bayan 'ya'yan sun fito in suka firgita bakinta suke komawa. Masu cewa karfasa tana cin 'ya'yanta goyo suka gani. Akwai ma wata 'yar'uwarta a ruwan Ikko wadda namiji ne ke yin goyon.

Saboda haka na ce wa abokina, a ganina kada ya taɓa ruwan gishiri a Birchi. Murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 27, in ya zarce 30 ya daɗe sai ya koɗe ya mutu, mu kuwa da bazara muna ganin 40 a inuwa. Injin da ke motsa ruwan ba ya son tsayawa dare da rana. Ruwa ƙanƙane kuma ba ya jure kuskure, abin da rana ta shanye yau sai an mayar da ruwan daɗi yau, gama gishirin ba ya tashi, ƙaruwa yake yi. A Ikko ma da injin wuta da na sanyaya ɗaki muka riƙe namu.

Ya ɗan ɓata rai, amma ya yarda. Yanzu mun yi magana da wani masunci a Dutsin-Ma zai kawo mana ƙananan karfasa 4 da ransu bayan damina, namiji ɗaya mata uku. Kuɗin da ya tara za su tafi ga akwati mai faɗi da ɗan faifan hasken rana. Yashin kogi yara sun riga sun wanko, murfin raga kuwa ni na ce zan ɗinka da hannuna.

Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Birchi.