Me Ya Sa Wata Ke Yin Girma Idan Ya Ɓullo?

A daren sha huɗu, jim kaɗan bayan magariba, wata kan ɓullo daga gabas ƙato, ja-ja, kamar faifai a bayan itatuwa. Kafin tsakar dare ya hau tsakiyar sama, sai a ga ya ƙanƙance. Mutane da yawa kan ɗauka kusantowa yake yi da farko, amma lissafi ya nuna akasin haka. Matsakaicin nisansa da duniya kilomita 384,400 ne, kuma sa'ad da yake can ƙasa-ƙasa ya fi nisa da mai kallo da kusan kilomita 6,400 a kan lokacin da yake bisa kansa. Wato in aunawa za a yi, ya ma ɗan fi ƙanƙanta. Hujjoji sun nuna cewa a cikin ƙwaƙwalwar mai kallo girman nan ke faruwa.

Wani zai ce ai iska da ƙura ne ke faɗaɗa shi. Tsohon zance ne, Batlimus na Iskandariya ya kawo irinsa tun ƙarni na 2. Jan launin kam aikin iska ne, kuma hazon hunturu kan ƙara shi. Amma lanƙwasa hasken da iska ke yi, matse wata take daga sama zuwa ƙasa, ba ta buɗa shi. Kyamara kuwa, da ke kallo ta cikin iskar nan ɗaya, ba ta nuna ƙarin girman. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, shi ya mayar da tambayar inda ta dace. Ya ce mutum na ƙiyasta nisa ne da abubuwan da ke tsakaninsa da abin da yake kallo: ƙasa, gidaje, tsaunuka. Idan wata na bayansu, ƙwaƙwalwa kan yanke cewa yana da nisa ƙwarai, sai ta ƙara masa girma. A 1962, Lloyd Kaufman da Irvin Rock a Amurka suka gwada, suka ga in an kare wa mai kallo ganin ƙasa, girman na raguwa sosai. Bayanin bai kashe gardama ba, domin in ka tambayi mutane, yawanci cewa za su yi watan kusa yake, kuma har yau masana na muhawara kan wannan gaɓa. Sai dai duk muhawarar a kan aikin ƙwaƙwalwa take.

Kunne ma haka yake. A 1976, Harry McGurk da John MacDonald a Ingila suka ɗora sautin "ba" a kan bidiyon leɓen da ke furta "ga". Yawancin manyan da suka kalla "da" suka ji, furucin da babu wanda ya yi shi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne sanin dabarar ba ya warware ta: ko an faɗa maka, kana kallon leɓen za ka iya ci gaba da jin "da", sai ka rufe ido "ba" ta dawo. Wata ma, naɗe takarda ka leƙa shi ta ciki yadda itatuwa da gidaje za su ɓace, nan take zai koma girman da yake da shi a tsakar dare.