Joy: Sana'ar Da Darakta Ya Ji Kunyar Nunawa

Maki 56 cikin 100 a Metacritic, kusan kashi 60 a Rotten Tomatoes. Iyakar abin da fim ɗin Joy na 2015 ya samu ke nan, alhali mutanen da suka yi Silver Linings Playbook da American Hustle ne suka sake haɗuwa: darakta David O. Russell, Jennifer Lawrence, Robert De Niro da Bradley Cooper. Abin haushin shi ne darasin da wasu suka ɗauka, wai labarin bazawara mai sayar da sandar goge ɗaki ba ya jan 'yan kallo. Labarin lafiyarsa ƙalau. Masu ba da shi ne suka raina shi.

Joy Mangano, wadda aka gina fim ɗin kan rayuwarta, ta yi digiri kan harkar kasuwanci a Jami'ar Pace. Aurenta ya mutu, ga 'ya'ya uku. A 1990 ta ƙera Miracle Mop, sandar goge ɗaki mai matse kanta ba sai an sa hannu cikin ruwan datti ba. Da aka fara tallata ta a tashar cefane ta QVC, ciniki bai kankama ba, sai da ta tsaya gaban kyamara da kanta, ta sayar da dubu 18 cikin ƙasa da rabin awa. A 1999 kamfanin da ya mallaki tashar HSN ya sayi kamfaninta. Me ya rage a wannan labari?

Annie Mumolo ce ta fara rubuta shi, Russell ya karɓa ya sake. Ya cire digirin, ya mai da 'ya'yan biyu, ko sunan Mangano ba a ambata ba. Sai ya cika gidan da hayaniya: uwa ta tare a gado tana kallon wasan talabijin, tsohon miji da uba suna cacar baki a ɗakin ƙasa, kaka tana ba da labari. Ya kuma ƙirƙiro Peggy, 'yar uba mai baƙin ciki, wadda babu ita a rayuwar Mangano. Kusan rabin fim ya tafi kafin a shiga kasuwa sosai. Kuma wurin da masu sharhi da yawa suka fi yabo shi ne na QVC, inda ake ganin wayoyi na ƙara, lambar ciniki na hawa. Wato abin da darakta ya yi ta kauce masa, shi ne ran fim ɗin.

Ba Russell kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2020 Netflix ta fitar da Self Made kan Madam C.J. Walker, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, ta yi wankau kafin ta gina kasuwar man gashi. Nan ma aka ɗauki Annie Malone, hamshaƙiyar 'yar kasuwa mai taimakon jama'a, aka sake mata suna Addie Munroe, aka mai da ita tamkar kishiya. Masana tarihi sun yi ta gunaguni. Da namiji ne, kamar Ray Kroc a fim ɗin The Founder, sai a zauna ana bayyana kwangila da hayar fili dalla-dalla. In mace ce, sai a nemo mata wata macen su yi gaba.

Akwai masu cewa shekarun Lawrence ne matsala, tana da 25 ta fito a matsayin matar da ta haura 30, ko kuma Star Wars da ya riga fim ɗin fitowa da mako guda ya danne shi. To, da ɗan gaskiyarsu. Amma Star Wars ciniki yake ragewa, ba makin masu sharhi ba, kuma Lawrence ɗin ce ta ci Golden Globe, aka sa ta takarar Oscar.

An kashe dala miliyan 60 a kan Joy, aka samu kusan miliyan 101, kafin a cire kason gidajen sinima da kuɗin talla. Russell bai sake fitar da fim ba sai Amsterdam a 2022, wanda ya faɗi warwas.