Totur Mai Aiki da Lantarki: A Bincika Kafin a Sayi Kaya

A tsofaffin motoci, wayar ƙarfe ce ke haɗa totur da injin: direba ya taka, waya ta ja, ƙofar iska ta buɗe. Motocin zamani sun rabu da wannan waya. Kamfanin BMW ya fito da totur na lantarki tun 1988, Toyota kuma ta sa shi a Camry daga ƙirar 2002, shi ya sa yau ya cika garejin Kano da Kaduna.

A wannan tsari, sensa biyu ne a jikin abin takawa, suna sanar da kwamfutar mota nisan da ƙafa ta shiga. Kwamfutar sai ta umarci wani ƙaramin injin lantarki ya juya faifan da ke tare bakin iska a cikin abin da ake kira kan totur, wasu sensa biyun kuma su tabbatar mata faifan ya tsaya inda aka ce. An yi su bibbiyu ne don kowace ta zama shaida a kan 'yar'uwarta. Da zarar maganarsu ta saɓa, kwamfuta kan janye wuta, sifirin ya riƙe faifan a ɗan buɗe, mota ta koma rarrafe ko da an danne totur har ƙasa. Wannan kariya ce ga rayuka, ba shaidar cewa kan totur ya mutu ba. Nan ne kuwa mutane da yawa ke asarar kuɗi.

Bincike na farawa da na'urar karanta kwamfuta, wadda ake jonawa a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar P2135 na nufin sensa biyun kan totur sun saɓa, P2138 kuma na abin takawa ne. Amma lamba hanyar wuta take nunawa, ba ta cewa ga abin da za a sayo. A rubuta ta kafin a goge.

Daga nan sai batir. Lafiyayye yakan nuna bolt 12.6 in mota na kashe, kusan 14 in tana kunne. Batir mai rauni, ko wayar ƙasa da tsatsa ta ci, sun isa su rikita sensa da ke rayuwa a kan bolt 5 kacal. A duba fis. A zare soket ɗin kan totur a leƙa ko haƙoransa sun yi kore ko sun saki, musamman in an saba wanke injin da ruwa mai ƙarfi. Bakanike mai haƙuri yakan kunna makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya taka totur sannu a hankali yana kallon na'ura: adadin ya riƙa hawa sumul. In ya yi tsalle, ko ya faɗi sa'ad da aka girgiza wayoyi da hannu, an kama ɓarawon.

Sai datti. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai kan daskare a gefen faifan kamar ƙanzo a gindin tukunya, mota ta riƙa rawa a silo ko ta mutu a danja. Tsumma da ruwan wanke totur sun wadatar, amma a kashe makulli tukuna, domin faifan na iya datse yatsa. Bayan wanki, motoci da dama, irin su Nissan, na bukatar a sake koya wa kwamfuta matsayin faifan, in ba haka ba silo zai haura. Roba mai tsagewa da ke shan iska ta bayan fage ita ma takan kawo irin wannan alama.

Sai wuta ta cika, wayoyi sun tabbata lafiya, faifai ya fita fes, matsalar kuma ta dawo, sannan ya dace a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka neman wani kan totur, kuma a tafi da lambar da ke jikin tsohon.