Gargaɗi ga masu kwamfuta a Jega, Aliero da Maiyama

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin shekara ɗaya. Windows 7 kuwa an yaye ta tun Janairun 2020. Amma leƙa shagunan buga takardu a Jega, ko ka duba kwamfutocin hannu na gwanjo da ɗaliban jami'ar Aliero ke rubuta aikin kammala karatu da su, ka ga abin da ke kansu.

Kwamfutar za ta kunnu, firinta ta fitar da takarda, shi ya sa mai shago ke cewa "ai tana aiki lafiya lau". To, duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a cikinta daga yanzu, ba mai toshe ta. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Maganinta ya fito tun Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ta kama.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne filas. Ɗaliba ta soka tata a shago, ta koma ɗaki ta buɗe, sai ta tarar babin da ta kwana tana rubutawa ya koma ƴar alama mai kibiya. Ta danna, cutar da filas ɗin ta kwaso a shago ta shige kwamfutarta, gobe ta ara wa ƙawarta filas ɗin. Manomin Aliero ya san abin da albasa ɗaya ruɓaɓɓiya ke yi wa buhu. Kuma a kan kwamfutar shagon nan ce aka tara hotunan katin NIN, lambobin BVN da sakamakon jarrabawar mutanen unguwa, har da na wanda ya taso daga ƙauyen Maiyama ya miƙa takardunsa bisa amana. Ga Windows ɗin kanta sau da yawa ta sata ce, wadda mai gyara ya ɗora, ya kashe mata kariya don ta zauna.

Wanda kwamfutarsa za ta ɗauki Windows 11 ta asali, ya ɗora. Tsofaffi da yawa ba za su ɗauka ba, amma kada a jefar da su: Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, ana sabunta su, suna isa ga rubutu da shiga intanet. Akwai ɗan baƙunta a makon farko, kuma a gwada firinta tukuna, don wata ba ta jituwa da su.

Kafin nan, kada ku shiga asusun banki ko imel a kwamfutar haya. Masu shago, ku goge takardun mutane da zarar kun buga. Ɗalibai, ku ajiye kwafin aikinku wuri biyu, yau ɗin nan.