Amsoshin Wasiƙunku: Filanjin Silba Ko Na Baƙin Ƙarfe?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani, wanda ya je sayen faifan nan mai huji-huji da ake haɗa bututu da injin ban ruwa, wato abin da makanikai ke kira filanji. Ya ce an nuna masa na baƙin ƙarfe da na silba, na silban kuwa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Yana tambaya, wanne ya kamata ya saya?

To malam, shi dai filanji biyu-biyu yake aiki. Akan yi waldar kowane ɗaya a bakin bututu, a haɗa fuskokinsu, a sa roba a tsakani, sannan a ɗaure da noti. Ranar da injin ya lalace, sifana kawai za a sa a kwance, ba sai an yanka bututu ba.

Silban da ake magana kuwa ba azurfa ba ce, irin ƙarfen kwanon silba ne. Baƙin ƙarfe ne aka narka tare da wani ma'adini mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Wani Bature, Harry Brearley, ya samo haɗin a birnin Shafil na Ingila a 1913. Idan kuromiyam ya haɗu da iska, sai ya yi wa ƙarfen wata 'yar fata da ido ba ya gani, wadda ke hana tsatsa kamawa. Ko an karce ta, da kanta take sake rufewa. Shi ya sa masana'antun madara, na lemon kwalba da na magunguna suke amfani da shi, don ba ya gurɓata abin da ke bi ta cikinsa, ga sauƙin wankewa. Haka ma matatun mai da kamfanonin takin zamani, a wuraren da sinadarai ke cin ƙarfe.

Amma fa silba suna ta tara. A duba gefen faifan, akwai lamba a buge. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, ya isa ruwan kogi da na rijiya. Mai 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, shi ne na ruwa mai gishiri, domin gishiri kan huda 304 sannu a hankali. Akwai kuma mai 201, ya fi araha, yana sheƙi kamar sauran, amma bai kai su juriya ba. Kada a dogara ga maganaɗisu wajen gwaji, don yawanci 201 ma ba ya kama shi. Wata lambar kuma, kamar PN10 ko PN16, ƙarfin turin ruwan da faifan zai iya ɗauka take nunawa, sai a sayi wanda ya yi daidai da na jikin injin, in ba haka ba hujin ma kan saɓa.

Shawara ita ce, in ruwanka mai daɗi ne, kuma kana kwance injin bayan rani ka adana, na baƙin ƙarfe ya ishe ka, ka riƙa yi masa fenti. In kuwa rijiyar burtsatse ce, inda haɗin zai shekara da shekaru cikin danshi, ko kana tura taki ta cikin bututu, to sayi na silba, araha ba ta ado. Sai dai notin ma ya zama na silba, domin na baƙin ƙarfe ya fi saurin ruɓewa in ya zauna jikin silba cikin ruwa. A shafa masa giris kada ya cije, a kuma ɗaure ɗaya, a tsallaka zuwa na daura da shi, har a zagaye.

Da fatan malam ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.