Damuwar Iyaye a Lokacin Annoba: Abin da Korona ta Nuna a Ƙasar Yauri

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Nijeriya saboda cutar korona, daga baya kuma aka taƙaita zirga-zirga tsakanin jihohi. A ƙasar Yauri, tun daga Shanga da Yelwa har Warra ta Ngaski a bakin tafkin Kainji, fataken albasa da busasshen kifi suka sha wuyar hanya, ciniki ya ja baya, ma'aikata da yawa suka zauna gida. Ga kuma yara a tsakar gida tun safe har dare, wata da watanni.

To, jama'a, abin da ba a cika faɗi ba shi ne halin da zukatan iyaye suka shiga. Magidanci ya kwana yana lissafin bashi, barci ya gagara, gari na wayewa ɗansa ya zubar da koko, sai bulala. Alhali kuwa yaron ba shi ya rufe hanya ba. Uwa ma haka, ita da ba ta da rumfar kasuwa ko majalisar da za ta je ta huce.

Wasu na ɗauka duk mai ƙuncin zuciya imaninsa ne ya yi rauni. Wannan kuskure ne. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah (S.A.W.) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ya kuma tabbata cewa yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri, don tausayin uwar. Ku duba fa, hankalin uwa aka kula da shi, a cikin salla ma! Game da fushi kuwa, ya umurci wanda ke tsaye ya zauna. Uban da ya zauna kafin ya ɗaga hannu, sau da yawa ba zai ɗaga ba.

Bayan korona, amai da gudawa ya ɓarke a Arewa a 2021, watau irin wannan zama yana iya dawowa. In ya dawo, miji ya gaya wa matarsa gaskiyar aljihunsa, a yi wa yara bayanin ciwon daidai hankalinsu, liman kuma ya riƙa tambayar wanda ya ga ya yi shiru. Wanda rashin barci da ƙin abinci suka bi shi makonni, ko ya ji rayuwa ta ishe shi, a raka shi Babban Asibitin Yauri. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato.